NAZARI: Turai ta kori sigarin lantarki mai liƙaƙƙen batir, ko bolar Gusau ce masaukinsa na gaba?

Daga ranar 18 ga Fabrairu, 2027, duk wata na'ura mai ɗauke da ƙaramin batir da za a shigar kasuwannin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, wajibi ne a ƙera ta yadda mai ita zai iya cire batirin da kansa ya sa wani, in ban da wasu 'yan kayayyaki da aka keɓe. Haka sashe na 11 na dokar batura da Tarayyar ta kafa a 2023 ya tanada. Ba don sigarin lantarki kaɗai aka yi dokar ba, amma da wuya a sami kayan da za ta fi bugu kamarsa, musamman irin wanda ake zuƙa ya ƙare a jefar. Shi wannan gaba ɗayansa an gina shi ne a kan batirin da aka liƙe a ciki, ba a yi shi don wani ya buɗe ba.

Wasu ƙasashen ma ba su tsaya jiran 2027 ba. Beljiyam ta haramta sayar da shi daga 1 ga Janairu, 2025, Faransa ta bi sahu a watan Fabrairu, Birtaniya kuma ta rufe tata ƙofar ranar 1 ga Yuni na wannan shekarar.

Mutumin Gusau zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwansa kuwa shi ne, masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan sigarin lantarkin duniya, ba sa kashe injinansu don wata kasuwa ta rufe. Ita kanta Sin, tun Oktoban 2022 ta hana sayar wa 'yan ƙasarta irin mai ɗanɗanon 'ya'yan itatuwa da alewa, amma ta bar ƙofar fitar da shi waje a buɗe. Kayan da aka kora daga wata kasuwa, ƙofar da ba ta da maigadi yake nema. Najeriya ta san wannan tun 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Ta sake gani a 2016, sa'ad da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Siwizalan ta tona yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man dizal mai dattin da doka ta hana sayarwa a can, su turo shi Afirka ta Yamma.

Kayan dai ya riga ya iso Arewa. Ana tallarsa a Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp, ana kuma aiko shi a motocin haya kamar kowane saƙo. Samari kan ce masa shisha fen. Abin da ya sa yake da farin jini a gari irin Gusau ba ɓoyayye ba ne: ba ya warin taba, ba ya barin toka, ba ya buƙatar ashana, siffarsa kuma tamkar alƙalamin zana layi ko jan-baki. A jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, inda ganin matashi da karan sigari a gaban manya abin kunya ne, na mace kuwa ba a ma magana, abin da ke shiga aljihu ya ɓace yana ƙamshin mangwaro ya sami kasuwa tun kafin a yi masa talla.

Ana yawan tattauna illar nikotin, kuma ta cancanci a tattauna. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, wadda ita ce ta tunzura Turawa: wane irin batir ne a ciki, kuma ina yake ƙarewa?

Iri biyu, da na uku da ya shigo tsakani

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ne ya fito da sigarin lantarki na zamani a 2003. Batirin litiyam ne ke tura wuta cikin wata 'yar murɗaɗɗiyar waya, wayar ta yi zafi, ta dafa ruwan da ke jiƙe a auduga, turirin ya fito a zuƙa. Bambancin yana wajen batirin.

Iri na farko shi ne wanda ake buɗe murfi a zaro batirin, a caja shi daban, a mayar ko a sa sabo. Galibi batir ne mai siffar gwangwani da ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Duk wanda ya taɓa buɗe tocila mai caji ko batirin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ya san shi. Irin wannan na'ura tana da tsada, tana da nauyi, tana buƙatar a riƙa zuba mata ruwa ana sauya mata waya, amma takan yi shekaru.

Iri na biyu shi ne liƙaƙƙe. An cusa batir da ruwa da waya cikin roba ɗaya an manne. Ruwan na ƙarewa, ko wutar, sai bola.

Wannan tafiya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya riƙe Nokia. A da, in batir ya kumbura sai a sayi wani a ci gaba da harka, kuma mutum kan kai batir wurin mai caji ya bar wani a cikin wayar. Da manyan wayoyi suka zo aka liƙe bayansu, mutuwar batir ta koma kusan mutuwar waya, sai an biya mai gyara ya gasa ta ya ɓamɓare. Sigarin lantarki ya bi wannan hanya, sai dai shi ya zarce, domin ba wanda zai biya kuɗin gyaran abin da aka yi shi don ya yi kwanaki.

Na ukun shi ne ya fi wayo. Dokar Birtaniya ta ce na'urar da za a sayar dole ta kasance ana iya cajinta, ana kuma iya sake cika ta. Ba ta ce dole a iya cire batirin ba. Kamfanonin sai suka huda wa tsohon kayansu kafar caji, suka sa masa kan da ake sauyawa, suka mayar da shi kanti da siffarsa da launinsa, farashinsa ma kusan ɗaya. Batirin yana nan a liƙe. Mai saye da ya saba jefarwa ya ci gaba da jefarwa, kamfanonin kwashe shara na can kuma suka ci gaba da kukan tsintarsa a cikin sharar gidaje. An gudu gara, an faɗa gidan zago. Wannan giɓin ne dokar Tarayyar Turai ta toshe, domin ita batirin ta kama, ba sunan kayan ba.

Haɗarin da ke cikin aljihu

Ba za a yi wa batun adalci ba in aka ce batirin da ake cirewa shi ne mai lafiya. Mafi munin raunukan da aka rubuta, daga gare shi suka fito.

Ba a ƙera 18650 don ya yi yawo tsirara a hannun mutane ba. An yi shi ne don masana'antu su jera shi cikin akwati tare da 'yar na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa ko zafi ya hau. Kan batirin shi ne ɓangare ɗaya na wutar, ilahirin gwangwanin jikinsa kuma ɗaya ɓangaren, abin da ke raba su bai wuce siririyar ledar da aka naɗe shi da ita da wani ɗan zobe ba. In ledar ta yage, wani ƙarfe ya haɗa kan da jikin, wuta za ta kwarara ba birki. Zafi ya haifi zafi, cikin daƙiƙu kaɗan ya kai ɗaruruwan digiri, iskar da ta taru a ciki ta nemi mafita. Da yake na'urar doguwar bututu ce, sai ta harba kamar harsashi mai wuta.

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta tattara rahoton fashewa ko kamawar wuta 195 tsakanin Janairun 2009 da Disamban 2016. Mutum 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu munana. Sau 61 abin ya faru ne na'urar ko batirin ajiya na cikin aljihu, sau 48 kuma ana cikin caji. A 2018 wani mutum ya rasa ransa a jihar Florida bayan da irin na'urar da ba ta da abin yanke wuta ta fashe, ɓaraguzanta suka shige masa kai. A Janairun 2021 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar ta fito ƙarara ta ce kada jama'a su sayi wannan batir tsirara.

A can sulalla da makullai ne ke haddasa fashewar aljihu. A nan sulalla sun daɗe da ɓacewa, amma makullin babur yana nan, kuma aljihun kaftani ɗaya ne ke ɗaukar komai. Mai kabu-kabu da ya zauna a kan tankin mai da batir tsirara a gefen cinya, ya kuma tsaya shan mai a wurin 'yan bumburutu, ya tara duk abin da gobara ke buƙata.

Sai kuma jabu. Batirin 18650 na gaskiya, na manyan kamfanoni, ƙarfinsa bai cika wuce 3,500mAh ba. Amma kasuwanni cike suke da waɗanda aka rubuta wa 9,900mAh, lambar da babu batirin wannan girman da ya taɓa kai ta. Wasu tsofaffi ne da aka zaro daga mataccen kaya aka sake musu riga. A tocila, wadda ke jan wuta kaɗan, ƙaryar ba ta wuce ta mutu da wuri. Sigarin lantarki kuwa yana fizgar wuta mai yawa a lokaci ɗaya, kuma a bakin mutum yake yin hakan.

Shi ma liƙaƙƙe mai kafar caji bai tsira daga yanayin Zamfara ba. Masu ƙera batirin litiyam kan gargaɗi kada a caja shi in zafi ya wuce digiri 45. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan haura 40 a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano ko a gaban gilashin motar da aka ajiye a rana. Ga kuma halin wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke bai wa jihar: mutane kan soka kayansu a soket su kwanta, don ba a san sa'ar da za a kawo ta ba, ko a kai shagon caji inda na'urori da dama ke jere a kan katako ɗaya, janareta na sama da ƙasa da wuta. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba su manta da gobarar ranar Babbar Sallah ta Yunin 2025 ba, wadda rahotannin farko suka danganta da fashewar batir.

Wanda abin ya ritsa da shi a cikin Gusau yana kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Wanda ya ƙone da dare a Tsafe kuwa, sai iyalansa sun yi shawara tsakanin ciwon da ke gabansu da hanyar da kowa ya san halinta bayan faɗuwar rana.

Haɗarin da ke cikin bola

In batirin da ake cirewa mai shi yake yi wa barazana, liƙaƙƙe kowa yake yi wa, har da wanda bai taɓa zuƙa ba. A nan ne lissafin Gusau ya sha bamban da na Landan.

Ƙungiyar Material Focus ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a 2023 ana jefar da sigarin lantarki miliyan 5 duk mako a ƙasar, daga miliyan 1.3 a shekarar da ta gabace ta. Kowane ɗaya litiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 15 cikin ɗari na giram ba, amma in aka tara na shekara, ya isa a yi batura na motocin lantarki 5,000. Ƙungiyar ta kuma ƙirga gobara fiye da 1,200 cikin shekara guda a motocin shara da wuraren tace ta, waɗanda batura iri-iri suka haddasa. A can, wutar kan tashi ne sa'ad da motar shara ta matse kayan ta fasa batirin.

A Gusau ba sai an jira mota ta matse ba. Da gangan ake cinna wa bola wuta. Hukumar tsaftace muhalli ta jihar, ZESA, tana kwashe abin da ta iya, sauran kuma da rani a ƙone shi a bakin layi, da damina ruwa ya ja shi cikin magudanai. Batirin litiyam da ya shiga wuta yana fashewa, yana kuma fitar da hayaƙi mai cin ido da huhu, ga robar da ke lulluɓe da shi. Wanda ruwa ya ja, hanyarsa Kogin Sakkwato ce, wanda ya ratsa Gusau ya bi ta ƙasar Bunguɗu ya zuba a madatsar Bakolori, inda ake noman rani. Akwai ma hanya ta uku da Bature bai san da ita ba: manoman gefen gari sun daɗe suna kwasar takin juji zuwa gona kafin shuka. Abin da ya shiga juji yau, baɗi yana cikin kunyar gero.

Sannan bola a nan ba kufai ba ce. Wurin neman abinci ce ga 'yan jari-bola, yawancinsu yara. Yaron da ya tsinci wata 'yar roba mai launi, mai ƙamshin alewa, wadda ke kunna fitila in an zuƙa, abu na farko da zai yi shi ne ya kai ta baki. Ragowar ruwan nikotin da ke ciki guba ce ga ƙaramin yaro. Abu na biyu kuwa, zai nemi ya ga abin da ke ciki.

Tattalin arziƙin gwangwan yana da tasa ƙa'ida. Batirin mota da na sola ba sa kwana a bola, saboda dalmar da ke cikinsu kuɗi ce, 'yan gwangwan na saye a kan sikeli a loda zuwa Kudu. Ɗan batirin sigarin lantarki ba shi da nauyin da zai motsa sikeli, don haka ba mai sayensa a matsayin ƙarfe. Amma yana da wata daraja ta daban. Masu bincike na jami'ar UCL ta Landan da ta Oxford sun wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Joule a Disamban 2023: baturan da suka zaro daga sigarin da aka ce na zuƙa-ka-jefar ne, sun caja su fiye da sau 700, kuma suna riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfinsu. Ma'ana, batir ne mai rai aka binne a cikin kayan kwana uku.

Abin da masanan Oxford suka gano a ɗakin gwaji, mai gyaran rediyo a Tudun Wada ko Sabon Gari zai gano shi da ɗan mitarsa cikin minti biyar. A garin da tocila da 'yar fanka mai caji da rediyo ke hannun kowa, batir kyauta ba zai zauna a bola ba. Za a ciro shi. Tambayar kawai ita ce da me. Wanda aka ƙera don a cire, murfi ake buɗewa. Wanda aka liƙe, da wuƙa ko ƙusa ko dutse ake fasa shi, kuma huda batirin litiyam na ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi saurin tayar da shi. In ma ya fito lafiya, ya fito ba tare da abin yanke wuta ba, za a kuma haɗa shi da kowace caja aka samu.

Saboda haka maganar da masu sayarwa ke yi, cewa liƙaƙƙe ya fi aminci don mai shi ba ya taɓa batirin, gaskiya ce rabi. Mai shi ba ya taɓawa. Wani ne ke taɓawa, wanda bai saya ba, bai kuma san abin da yake riƙe da shi ba.

Akwai abin takaici a gefe guda. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar Nasarawa. A Disamban wannan shekarar Ministan Ma'adanai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adanai da aka ƙaƙaba wa Zamfara tun 2019, ana ta lissafa zinariya da tagulla da litiyam da ke ƙarƙashin ƙasarta. Dutsen zai fita a tirela, wani ɓangare na irinsa ya dawo a kwali, a zuƙe shi cikin mako a wurga a kwata.

Kalmar da Zamfara ba ta son ji

A Yunin 2025 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa gwajin da suka yi wa na'urori bakwai na zuƙa-ka-jefar daga sanannun kamfanoni uku. Sun sami nikel da antimoni da dalma a cikin turirin. Ɗaya daga cikin na'urorin, dalmar da take fitarwa a zuƙar yini guda ta fi ta kusan kwali 20 na taba sigari. Sun gano cewa dalmar tana tsatsowa ne daga wasu sassan tagulla da aka gauraya da ita, waɗanda ke jiƙe a cikin ruwan, kuma adadin wasu ƙarafan yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar na'urar a hannu. Wannan na nufin kafar cajin da aka ƙara wa liƙaƙƙe, don ya kai dubban zuƙa, tsawaita zaman ruwa da ƙarfe ta yi a cikin robar da ba mai iya buɗewa ya duba.

Babu jihar da kalmar dalma ke yi wa nauyi kamar Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma Bagega. An ƙiyasta yara 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, sai a farkon 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomi. Ba daidai ba ne a kwatanta girman wancan bala'i da abin da ke cikin sigarin lantarki, ƙurar dutsen zinariya ta ninka shi nesa ba kusa ba. Kamannin yana wani wuri: a Dareta ma abu ne mai daraja aka shigo da shi cikin gida ana dakawa, ba wanda ya gaya wa iyaye abin da ke cikinsa, kuma yara ne suka fara biya. Likitoci sun daɗe da cewa babu wani adadin dalma da ke da aminci a jinin yaro.

Doka tana ina?

Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019, sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sun hana sayar da kara ɗai-ɗai, sun hana ciniki ta intanet. An rubuta su ne da ganyen taba a zuciya. Ruwan nikotin da batir ke dafawa bai sami babi nasa ba, abin da ƙungiyoyi irin su CAPPA suka daɗe suna kira a gyara. Wasu ƙasashen Afirka sun yanke shawara tuntuni: Yuganda ta haramta shi a dokarta ta 2015, Habasha a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a Oktoban 2025 cewa masu shansa a duniya sun haura miliyan 100, aƙalla miliyan 15 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15.

Ta ɓangaren batir, Najeriya tana da makami a hannu. A 2024 hukumar NESREA ta fito da ƙa'idojin kula da batura, waɗanda suka ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa alhakin kayansa har bayan mutuwarsa. Sai dai hankalin hukuma ya fi karkata ga manyan batura masu dalma da masana'antun narkar da su a Ogijo ta jihar Ogun, kuma da dalili. Batirin da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ya shigo a ɓoye cikin wani kaya, yana iya wucewa tsakanin NESREA da SON da NAFDAC da Kwastam, kowa na ganin na ɗan'uwansa ne.

Abin da zai fara zuwa zuciyar mahukunta a Zamfara shi ne a haɗa shi da shisha a bar wa Hisbah. Kano ta haramta shisha a 2021. Amma tukunyar shisha tana buƙatar wurin zama da gawayi da taro, ana iya kai mata samame. Wannan kuwa a aljihu yake. Kuma kame yana da wani sakamako da ba a lura da shi: yana kashe kasuwar babbar na'ura mai batirin cirewa, wadda ke da wuyar ɓoyewa kuma asararta ke da zafi, ya bar fili ga ƙaramin liƙaƙƙe da za a iya wurgarwa cikin kwata da an hango motar jami'ai.

Hukumomin lafiya na Birtaniya suna ganin sigarin lantarki bai kai taba illa ba ga babban mutumin da ke son ya daina shan ta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi taka-tsantsan. Ko da an ɗauki ra'ayin farko, hujjar ba ta kare liƙaƙƙe ba. Mai neman rabuwa da taba na shekara ashirin zai iya sayen na'urar da za ta daɗe, ya koyi kula da batirinta. Arha da launi da ƙamshin alewa ba shi aka yi wa ba.

Don haka in za a zaɓi abu ɗaya da ya fi sauƙin aiwatarwa, shi ne gwamnatin tarayya ta hana shigo da duk sigarin lantarkin da ba a iya cire batirinsa, da kalmomin Tarayyar Turai ba na Birtaniya ba, kuma kafin Fabrairun 2027, lokacin da ragowar kayan da Turai ta ƙi zai fara neman mai saye. Jami'in Kwastam ba ya buƙatar ɗakin gwaji don ya gane ko murfi na buɗuwa. Tare da haka sai SON ta waiwayi baturan jabu masu lambar ƙarya, domin tura mutane ga batirin cirewa alhali kasuwa cike take da na bogi, sauya wa haɗarin wuri ne kawai.

Abin da ke hannun gwamnatin Dauda Lawal ya fi wannan ƙanƙanta, amma ba ya jiran Abuja. Masu gyaran waya da masu shagon caji a Gusau da Tsafe da Bunguɗu su ne mutanen da matattun batura ke ratsawa ta hannunsu kullum, suna kuma da ƙungiyoyi da shugabanni. Durom na ƙarfe da yashi a inuwa, da ɗan ladan da za a bai wa yaron da ya kawo na'ura ba tare da ya fasa ta ba, zai janye batura daga wuta fiye da kowace sanarwa a rediyo, ya kuma haɗa da na waya da na tocila, waɗanda a yau sun fi na sigarin yawa. Bisa ƙa'idojin 2024, mai shigo da kayan ne ya kamata ya biya kuɗin wannan aiki. Kwantenar da ta sauka a Apapa tana da sunan mai ita a takarda. Kwalin da ya biyo ta Maraɗi ya tsallako ta Jibiya ko ta dajin Zurmi a bayan babur, ba shi da kowa.